Duwatsun Alwala na Illo Tela

A layinmu na Banifandou, ranar da ka zo alwala ka tarar dutsen zamanka ya matsa, ba ka tambayar wanda ya ɗauke shi. Illo tela ne.

Mutumin Tahoua ne, siriri, mai taurin kai. Shagonsa na kwano yana can ƙarshen layi, inda rana ke gasa mutum har ya manta sunansa. Wata bazara zafi ya kayar da shi a kan keken ɗinki, sai da aka sheƙa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya rantse sai ya yi ɗinki a inuwar itace kafin ya mutu.

Ya samo dashen dogon yaro, amma ruwa fa? Famfo sai ya ga dama yake zuwa, matarsa Zalika kuwa ta kasa ta tsare a bakin randa.

"Taɓa min ruwa ka gani," in ji ta. "Iccen ne zai dafa maka tuwo?"

Sai Illo ya lura da ruwan da muke zubarwa a ƙofar masallaci kullum. Ya kafa dashe a can, ya kewaye shi da ƙaya saboda awaki, ya jera duwatsun zama da butoci a gindinsa. Muka yi ta alwala muna ban-ruwa ba mu sani ba. Da itacen ya kama, ya dasa wani a gaba, ta wajen shagonsa, duwatsu suka bi shi. Haka ya riƙa janmu shekara da shekaru, kamar awakin da aka nuna wa dusa.

Ni da gwiwata ke ciwo, abin ya ishe ni. Rannan na rasa raka'ar farko saboda nisa, na kai ƙara wurin liman Sumana.

"Malam Illo," in ji liman, "wurin alwala ya fi kusa da shagonka bisa ga masallaci."

"Allah gafarta malam, mi na yi? Ruwan da an ka yi bisimilla kansa, a bar shi shi lalace?"

Liman, wanda a lokacin yake zaune a inuwar itacen farko, ya ɗaga kai ya dubi ganye, ya ce a yi haƙuri da juna.

Yau layinmu ya fi ko'ina sanyi a unguwa. Tsuntsaye sun dawo, ruwan sama ya daina cin bakin hanya, samari 'yan fadar hira sun kawo bencinsu da shayinsu.

Bana inuwa ta iso ƙofar shagon Illo, bana kuma idonsa ya kasa ganin kafar allura. Abin ya taɓa ni ƙwarai. Na same shi ya fito da keken waje, yana zaune yana shafa shi.

"Inuwa ta zo, ido ya tahi," ya ce, yana dariya. "Zo ka sa min zare."

Na sa masa. Ya ɗinka wani tsumma a karkace, har ƙarshe, bai yi gumi ba.