Inna da Ƙwaryar Ɗinya

Muna bakin asibitin Sinja ni da ɗiyata Sa'adiyya, muna jiran motar ƙauye, sai ga wayar maigidana. Bai ja magana ba, ya ce, "Inna ta cika." Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Na tsaya da albishir a baki, domin a lokacin likita ya gama shaida mini cewa jinin yarinyar ya daidaita, kuma ba wanda nake ɗokin faɗa wa sai ita Inna.

Mahaifiyar mijina ce. Ni Inna nake ce mata, jikoki kuma Haboba, yadda maƙwabtanmu Larabawa ke kiran kaka. Za a faɗi azuminta da yawan zumuncinta, kuma gaskiya ne. Ni abin da aka zage ta a kansa zan faɗa, don shi ne mafi girman alherin da ta yi mini.

A ƙauyenmu na gefen Abu Hujar a Sudan, yaro mai ƙiba abin alfahari ne. Kowa ya ga Sa'adiyya sai ya ja kumatunta ya ce masha Allah, gidan nan akwai ni'ima. Duk gidan da ta shiga sai an haɗa mata shayi da madara, sukari kamar a tsayar da cokali, ga zalabiya, soyayyen ƙullin fulawa mai zaƙi, a gefe. Baƙo kuwa ba ya zuwa hannu rabbana, sai da kwalbar barid, lemon nan mai gas. Mayar da irin wannan kyauta cin fuska ne a wurinmu. Haka yarinyar ta kai ba ta iya zuwa bakin kogi sai ta zauna tana haki. Bayan wuyanta ya yi baƙi, muka yi ta dirza da soso muna zaton dauɗa ce. Inna ta duba ta ce, "Wanga ba na soso ba ne, ku tahi da ita Sinja." Likita ya auna, ya ce ciwon sukari yana bakin ƙofa.

Da kawun Sa'adiyya na Saudiyya ya ji, sai ya aiko da wasu busassun 'ya'yan itace shuɗɗa, bulubari, wai an ce suna taimaka wa yara masu ƙiba. Inna ta tauna ɗaya, ta yi dariya ta ce, "Ƙanwar ɗinya ce, yawon duniya kawai ta yi." Amma ba ta yi gaban kanta ba, ta sa na tambayi likita. Ya ce 'ya'yan itace suna da amfani, na can da na nan, sai dai babu wanda ke narkar da ƙiba shi kaɗai. A janye sukari, yarinya ta motsa jiki. Inna ta ce to an gama, ɗinya tana daji, ƙafa ke kai mutum.

Tun daga nan, bayan la'asar sai ta ɗauki ƙwarya ta ce, "Taso ƙawata, mu tahi." Tsohuwa da ciwon gwiwa a gaba, jika a baya tana kuka tana cewa Haboba ba ta sonta. Lokacin ɗinya su tsinto ɗinya, in ya wuce su koma magarya. Ba ta taɓa cewa magani ne ba. Cewa take, "Bakin da ke tauna magarya ba shi neman zalabiya."

Sannan ta yi abin da ba a yafe mata ba. Ta bi unguwa gida gida tana cewa, "Wanda ke son jikata shi ba ta ruwa." Aka ce rowa ce. Aka ce ta tsufa ta rikice, tana horar da yarinya da yunwa a gidan da ke da hatsi. Da Sa'adiyya ta fara ramewa, har taɓe baki ake yi in mun wuce. Ɗanta ma kunya ta kama shi, ya roƙe ta ta sassauta. Ta ce masa, "Bar su su zage ni jikata na raye. Ban son yabon da za a yi mini a zaman makokinta."

To, ga mu a zaman makokin Inna. Ana ta zagayawa da shayi, sai wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Hajiya Batulu, ta miƙa wa Sa'adiyya kwalbar barid ta ce, "Sha ɗiyata, wahala ta ƙare." Wallahi raina ya ɓaci. Matar ɗa ba ta ɗaga murya a makokin surukarta, na sani. Kafin in motsa, yarinyar ta mayar da hannuwanta baya ta ce, "Haboba ta ce ruwa za a ba ni." Na karɓi kwalbar na ajiye a tire, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri. Likita ya ce jinin yarinyar nan ya daidaita. Inna ba ta ji ba, ku da kuka kira ta marowaciya ku ji."

Ban ba da haƙuri na biyu ba, kuma ba zan bayar ba. Ƙwaryar tana ɗakina. In aka share makoki zan ɗauke ta mu nufi daji, kuma duk gidan da Inna ta shiga zan sake shigarsa da maganarta. Mai son zagi ya juyo kaina, wadda kuka saba zagi ta huta.

Ya Allah ka jiƙan Inna, ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ka ba 'ya'yanta da jikokinta haƙurin rashinta, ka tsare Sa'adiyya da yaran unguwarmu daga ciwon da Inna ta yaƙa. Ita da ta bi ƙofa ƙofa tana roƙa wa jikarta ruwa, ka shayar da ita daga Alkausara. Amin.