Gyaran Muryar Kawu a Al Rayyan

Jiya da azahar, a cunkoson Al Rayyan, direban tasi Bakatsine ya kunna mana tsohuwar waƙar garaya. Kafin kiɗan ya fara, sai na ji gyaran murya sau biyu. Tsikar jikina ta tashi. Kawuna ne, wanda aka binne tun kafin in zo Doha.

Ƙaramin kamfanin kaset gare shi, yana ɗaukar waƙoƙin makaɗan da manyan kamfanoni suka raina. Da gyaran murya yake ba su izinin farawa, kuma ba ya gogewa. Na taɓa yi masa ƙorafi, ya ce, "Bar shi, ɗiyata. Wata rana za ki neme ni."

"Hajiya, lafiya?" in ji direban.

Na ce, "Mayar da shi farko."

Allah Ya jiƙanka, Kawu, Ya tashe ka da kira mai daɗi.