Takunkumin Uwar Tiyo

A tashar 'yan kwana-kwana da ke bayan kasuwa, Uwar Tiyo ake ce mata, don babu mai saurin naɗe tiyon ruwa kamarta. Shekararta goma sha ɗaya tana aikin, ita kaɗai ce mace cikin maza ashirin da biyu. A sito take canza kaya, tsakanin tsofaffin tayoyi, ta tokare ƙofa da bokiti. Wannan duk ta saba.

Takunkumin numfashi ne ya gagare ta. Duk wanda aka kawo, da fuskar namiji aka auna shi. In ta sa, sai ya bar kafa a ƙarƙashin haɓarta, har yatsa biyu na shigewa, hayaƙi kuwa ba ya sallama. Sau bakwai tana rubuta takarda a kawo ƙarami. Mai sito amsarsa ɗaya ce: ba a odar kaya don mutum ɗaya. Dogo direba kan ce ta ƙara loma, kumatu su cike gurbin. A yi dariya, ita ma ta yi, kada a ce ba ta iya zama da mutane ba.

Maigidanta tela ne. Shi ya yanko soso daga tsohuwar katifa, ya ɗinke shi cikin ƙyalle, take cusawa a kafar. Soson na tare rabin hayaƙin, rabi ta kawo gida a ƙirji. Yaranta da tari suke gane ta dawo, tun kafin ta taɓa ƙofa.

Kowace shekara likita kan zo, kowa ya hura iska cikin wani bututu. Wanda numfashinsa bai kai ba, a sauke shi daga mota, sai tebur da waya. Bara da ƙyar ta haye. Bana mako biyu ta yi tana shan zuma da ruwan ɗumi. Ta hura sau uku, har idonta ya kawo ruwa. Likita ya dubi allon na'urar, ya tambaye ta ko tana shan taba.

"Hayaƙin gidajen mutane nake sha, likita."

Bai yi dariya ba. Rubutu ya yi.

Washegari Ogan tashar ya kira ta ofis, har da ba ta kujera. Ya ce ta ɗauka hutu ne Allah ya kawo mata, dama ƙirjin mace ba a yi shi don wannan wahala ba. Ya turo mata takardar sauke ta daga mota ta sa hannu. Ta ciro takunkumin daga jaka, ta sa a fuskarta a gabansa, ta zura yatsa biyu a ƙarƙashin haɓa.

"Ranka ya daɗe, a rubuta wannan. Kada a rubuta ƙirjin mace."

Ya jujjuya takardar, ya ce babu gurbin rubuta hakan. Ta karɓi bironsa ta rubuta da kanta a gefe, ƙanana-ƙanana, sannan ta sa hannu. Ko wani zai karanta, oho.

Yanzu ita ke ɗaukar waya. Ta iya tambayar mai kuka kwatancen gida har ya faɗa daidai. In jiniya ta tashi, ƙafafunta kan miƙe da kansu, sai ta tuna, ta koma ta zauna. Dogo ya daina zancen loma. Tiyon da mazan suke naɗewa duk a karkace yake, tana gani ta taga. Soson yana cikin durowa, har yanzu yana warin hayaƙi.