Man da Dogo Ya Zuba wa Auta

Shekara ashirin da uku Dogo ya yi yana zuba mai a gidan mai ɗaya, kuma a famfo ɗaya, na biyu daga bakin titi, inda ake sayar da fetur na gama-gari. An canza manaja huɗu a kansa, an sake fentin rumfar sau ba adadi, shi dai yana nan da shuɗiyar rigarsa ta aiki da tsumma a aljihun baya. Ko ya juya baya yana iya gaya maka wace irin mota ce ta shigo, daga kukan injinta kawai. Ba ya ɗiga wa motar mutum mai: in ya zare kan tiyo sai ya ɗaga shi sama, ya goge bakin tanki, sannan ya mayar da murfi. Gaskiyarsa a wurin aiki ko maƙiyinsa ya shaida. Mota kuwa bai taɓa mallaka ba, keke gare shi.

Can ƙarshen rumfar akwai famfo na huɗu mai jan fenti, inda ake sayar da sufa, wato fetur ɗin nan mai tsada da manyan motoci ke sha. Dogo bai taɓa damuwa da shi ba sai da ƙanensa ya yi mota.

Auta, ƙanen nasa, zanen gine-gine yake yi, kuma Allah ya buɗa masa. Dogo ne ya koya masa tuƙi tun da daɗewa, a tsohuwar a-kori-kura ta gidan man, yana ɗaka masa tsawa in ya saki kuloci da garaje. To yau ga Autan nan a cikin wata baƙar mota doguwa, mai kujerun fata, wadda in tana tsaye ba ka sanin a kunne take sai ka dafa ta. Dogo ya yi masa murna da baki, har da addu'a. Amma a ransa abin bai yi masa daɗi ba.

Ba motar kaɗai ba ce. Inna, mahaifiyarsu, wadda shekara da shekaru Dogo ke tare wa tasi ya kai ta asibiti, yanzu ba ta da zance sai sanyin motar Auta, wai ko ciwon bayanta ba ta ji a ciki. 'Ya'yan Dogo da sun ji hon sai su watse daga tsakar gida. Matarsa ma, mai cewa ita abin duniya bai dame ta ba, ranar da Auta zai rage mata hanya zuwa kasuwa sai da ta sake zane. Abin da ya fi ci masa rai shi ne kowace Asabar Auta zai shigo gidan man, ya ɗaga masa hannu ta gilas, ya wuce shi sumul, ya je ya tsaya a famfo na huɗu. Abokan aiki kuma ba sa raga masa, wai man Dogo na talakawa ne, ko ƙanensa ba ya sha. Yana dariya tare da su, zuciyarsa na tafasa. Hassada ce, ba wani suna da za a ba ta, kuma shi ma ya san hassada ce.

Wata Asabar Auta ya sauko ya zo gaishe shi, yana ƙorafin tsadar sufa, har ya tambaya ko da gaske akwai bambanci. Dogo ya san amsar sarai. Ya san injin irin wannan mota matsewarsa ta fi ta sauran, in aka ba shi mai na gama-gari sai man ya riƙa kamawa da wuta tun lokaci bai yi ba. Ya sha faɗa wa baƙi haka, kyauta. Amma sai ya duba hagu da dama, ya rage murya.

"Duk tanka ɗaya ke kawo su," in ji shi. "Fentin famfon kawai kuke saye."

"Haba, Yaya! To ai shi ke nan. Cika min a nan."

Ranar Dogo ya zuba wa baƙar motar mai da hannunsa, a famfonsa, a gaban kowa, ya goge bakin tankin har sau biyu. Daɗin da ya ji bai kai shi gida ba.

Bayan mako biyar motar ta fara ƙara in za ta hau tudu, kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Ƙarfinta ya ragu, wata fitila ta kama a gaban sitiyari. Bakanike ya saurara sau ɗaya ya tambayi wane mai ake zuba mata. Auta ya faɗa masa, ya kuma ce a bar batun mai, a duba wani wurin. Aka canza fulogi, ƙarar na nan. Aka kwance wannan aka ɗaura wancan, motar ta kwana huɗu a gareji, Inna ta koma hawa tasi tana mita. Duk Dogo yana jin labari a gida, yana cewa Allah ya kyauta.

Asabar ta gaba motar ta shigo, ya gane ta tun daga kwana saboda ƙarar. Auta ya tsaya a famfo na biyu, ya sauke gilas, duk ya faɗa. Ya ce sun yi cacar baki da bakaniken, ya ɗauke motarsa daga garejin, gobe zai kai ta wani garejin a buɗe injin ɗungurungum.

"Wai dole man ne. Na ce masa yayana ya shekara ashirin da uku a kan famfo, shi ya ce min duk ɗaya ne. Wa zan yarda da shi, kai ko shi? Cika min, Yaya."

Dogo ya riga ya zaro kan tiyon. Ya tsaya da shi a hannu, motoci biyu a baya suna danna hon. Ya mayar da shi mazauninsa.

"Matsa gaba," ya ce. "Je ka famfo na huɗu. Kada ka bari a buɗe injin nan."

"Ba kai ka ce..."

"Ni na ce. Ba tanka ɗaya ba ce."

"Kuskure ka yi ke nan?"

Ƙofa ce Auta ya buɗe masa, da ya ce e da magana ta mutu a nan. Dogo ya kalli ƙasa, ya ce ba kuskure ya yi ba.

Auta bai yi faɗa ba, bai tambayi dalili ba. Ya ɗaga gilas, ya ja motar a hankali zuwa famfo na huɗu, aka cika masa, ya fita ta ɗaya ƙofar.

Motar ta warke bayan tanki biyu na sufa. Auta bai gaya wa Inna ba, bai gaya wa kowa ba. Yana zuwa gida yadda ya saba, yana rusunawa ya gaida yayansa, yana ɗaukar yaran yawo. Sai dai a da, ko taya zai saya ko fili, sai ya ce bari ya ji ta bakin Yaya. Yanzu Dogo a bakin yara yake jin abin da ƙanensa ya saya.