Kalmar da Na Kasa Ƙarawa

'Yar farina ta kai shekara biyu da rabi ba ta taɓa haɗa kalma biyu ba. Ba bebiya ba ce. Tana cewa "ruwa", tana cewa "kifi", tana cewa "zo". Amma da ta jefo ɗaya sai ta tsuke baki ta zuba maka ido. Sa'o'inta kuwa har ƙarar juna suke kaiwa.

Laifina ne, kuma yau ba na jin nauyin faɗa. A gidanmu uwa ba ta sakewa da ɗan fari. Ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. Ni kuwa na ɗauki abin da zafi, har na fi masu al'adar. In shayar da ita, in goya, in sauke, bakina gum. Babanta tun safe yana kasuwar kifi ta Nguru. To da wa za ta koyi magana, da bango?

Da yaye ya zo aka kai ta Gashua wurin mahaifiyata, Inna. Bayan 'yan watanni na bi su, don ƙafafun Inna sun kumbura, a asibiti aka ce ƙoda ce. Ruwa ma likita ya ƙayyade mata, ɗan kaɗan a yini.

Na tarar da su a gindin darbejiyar tsakar gida, Inna a kan tabarma, yarinyar a gefenta. Yarinyar ta nuna tire ta ce, "Kifi."

"Kifi babba, ƙawata," in ji Inna. Sai ta yi shiru tana jira.

"Akuya."

"Akuya ta gudu."

Haka suke wuni. Inna ba ta taɓa ce mata "ce kaza" ba. Ta ce da ni, "In ta ba ki ɗaya, ki mayar mata da biyu. In ta ba ki biyu, ki ƙara ɗaya. Shi ke nan aikin. Amma numfashina ba ya kai ni, ki karɓe ni. Ina so in ji ta haɗa magana kafin in tafi."

Na ce, "Haba Inna, a gabanki?"

"Kunyar banza! Ni na koya miki ita, ni kuma na ce ki ajiye."

Ban ajiye ba. Na ɗan gwada a bayan ɗaki wurin wanki, ƙasa-ƙasa kamar mai sata. Da na ji sallamar masu dubiya sai in yi tsit, gidan kuwa ba ya rabo da su. Kullum in ce gobe.

Ƙishirwa ta fi ciwon wahalar da Inna. Leɓenta ya tsattsage. Ta kan kalli randa ta ce, "Ki ba ni ruwa." In ce, "Ya isa, Inna, likita ya hana." Wata rana har na ɗaga mata murya, na ƙwace moɗar daga hannunta. Yarinyar tana tsaye tana kallo. Wannan ƙwacen, wallahi, har yau yana ci min rai.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi Inna ta cika. Ba ta ji abin da take jira ba.

Washegarin sadakar uku, mutane sun ragu, ina shara. Na ji ƙarar marufin randa. Ina waigawa na ga yarinyar ta yi ɗage ta kamfato ruwa a moɗa, ta riƙe da hannu biyu, tana tafe yana zuba a kan rigarta. Ta nufi gindin darbejiya. An naɗe tabarmar, sai shatinta a ƙasa. Ta durƙusa daidai inda kan Inna yake, ta miƙa moɗar.

"Inna, sha ruwa."

Kalma uku rigis, rangaɗau, ba gargada. Tsintsiyar ta faɗi daga hannuna. Na kalli wurin sosai, don yadda ta miƙa hannun nan sai ka rantse akwai mai karɓa.

Ta jira. Ta san in ta yi magana ana mayar mata da ƙari. Da ba a amsa daga tabarma ba, ta juyo ta zuba min ido. A gidan duka ni kaɗai na rage da wannan aikin. Ba baƙo, ba surukai, ba wanda zan ji wa kunya. Na buɗe baki in ƙara mata kalma ɗaya kamar yadda aka ce, na nema na rasa. Me ake ƙarawa a kan wannan?

Na durƙusa na kira sunanta, karo na farko tun da na haife ta. Ba ta amsa sunan ba ma, don ba ta san shi a bakina ba. Ta sake miƙa moɗar gindin bishiya.

Yanzu tana sakandare, surutu kamar ta ari baki, ƙannenta har toshe kunne suke. Ba ta tuna ranar. Ni kuwa duk sanda na je Gashua, ba na iya shan ruwa a gindin darbejiyar nan.