Jan Zaren Inna a Dajin Shafa

Shekara tara ke nan da rasuwar mahaifiyata, Inna Dije, kuma har yau in na ji an yi ruwa a duwatsun Ɗa'ifa sai gabana ya faɗi. Na san ba za a yi mako biyu ba wata za ta ƙwanƙwasa mini ƙofa a unguwar Kurayyat ta Jidda da ganye a leda.

Inna a Jidda ta tsufa, amma idonta na daji ne. Duk ƙarshen sanyi, in furannin farko suka fara leƙowa, sai ta sa a kai mu Shafa, can saman duwatsun Ɗa'ifa cikin itatuwan ar'ar. "Yalla, Rakiya, ɗauko jaka." Tana tafe a sunkuye tana kiran sunaye. Wannan hummaid ne, ɗanɗana ki ji tsami kamar yakuwa. Wancan mai shuɗin fure durm ne, na shayin mai mura. Mai farin fure kamar bakin kakaki kuwa zaƙami ne, kar ki kuskura.

Abin da ke ba ni haushi a lokacin, ba ta tsinkar komai a zuwan farko. Jan zare take ɗaurawa a gindin duk tsiron da ta shaida da furensa. Sai fure ya kaɗe, ganye ya ƙosa, mu sake hawa dutsen ta ɗebi mai zare kaɗai. Na taɓa cewa, "Inna, ga irinsa nan kusa, ganye ɗaya." Ta buge mini hannu. "Kama da wane ba ta wane. Kin ga furensa?"

Wallahi ban koya ba. Ita tana duban ƙasa, ni ina kallon birai ina jiran lokacin cin abinci. Na ɗauka Inna tana nan kullum.

Da ta rasu, matan unguwa suka juyo kaina, wai barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kunya ta hana ni cewa ni 'yar riƙon jaka ce kawai. Shekara tara ina lallaɓawa. In ƙamshin ya yi mini kama da abin da na sani, sai in gyaɗa kai, daga nan kuma in yi ta bin sawu har sai na ji wanda ya sha yana lafiya. Allah ne dai ya rufa asiri, ba iyawata ba.

Yanzu Shafa ta cika da shinge da wuraren shaƙatawa, yara kuma sai su nuna wa tsiro waya ta faɗi sunansa. Ina tunanin abin da Inna za ta ce. Ba na jin za ta zagi wayar. Tambayarta ɗaya za ta yi: wayar ta ga furen?

Makon jiya maƙwabciyata Hajja Saudatu ta shigo da leda. Surukinta ne ya tsinko, za a dafa wa 'yarta mai jegon kwana goma. Babu fure ko ɗaya. "Waya ta ce ba matsala," in ji ta, "amma ni idon gidan Dije nake so." Na juya ganyen, na shinshina. Ga mai jego, ga jaririn da ke shan nononta. Na ji tsoro irin wanda ban taɓa ji ba.

"Hajja, ban sani ba," na ce. "Ban taɓa sani ba."

Na zaci fita za ta yi. Can ta ce, "Haka uwarki ta ce mini, shekarar da na kawo mata ganye ba fure. Ƙwacewa ma ta yi ta zuba a shara." Ta miƙo mini ledar in zubar.

Sunayen da Inna ta sani sun bi ta kabari, wannan kam ya riga ya wuce. Waɗanda na gyaɗa wa kai a baya kuma har yanzu suna damuna. Amma na sayi jan zare, ranar Juma'a za mu hau Shafa tun fure bai kaɗe ba. Uku kacal na shaida, ɗayan ma guba ne. Biyu zan ɗaure. Allah ya jiƙan Inna.