Wayoyi Biyu a Bakin Rafi

Ko na tsufa haƙora sun zube, daminar shekarar da aka yi canjin kuɗi ba za ta fita daga raina ba. A shekarar na shiga ajin yaƙi da jahilci, na fara haɗa baƙi, duk rubutun da na gani sai na tsaya na karanta.

Malamin gona ya kawo mana ƙauyenmu Gude wata manhajar waya mai ƙiyasta inda ruwan rafi zai kai idan aka yi mamako. Ya ce kowa ya sauke a wayarsa. Data ta yi tsada, don haka yawancinmu shagon caji muka je aka tura mana daga wata wayar.

Na girbe gerona na ɗaure, na jera dammunan a gona su sha iska. Ran nan da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas. Na duba waya na karanta a hankali: ruwa ba zai wuce bakin gaɓa ba. Maƙwabcina na gona, wanda ya sauke tasa da kansa, ya duba. Tasa ta ce har gonata zai shanye.

"Malam, kwashe geronka," in ji shi.

"Tawa ta ce lafiya lau."

"Anya ba karatun naka ne bai nuna ba?"

Na miƙa masa. Ya karanta, ya maimaita, ya ture hula ya sosa ƙeya. Suna ɗaya, hoto ɗaya, magana daban. Muka kashe wayoyin muka kunna. Har wurin tsayuwa muka musanya, wai ko sabis ne. Muna wannan shirme iska ta taso. Kafin in samo amalanke ruwa ya kece, sawu ɗaya kawai na yi rafi ya hau.

Daga baya malamin gona ya duba wayata ya ce, "Baba, taka tsohuwa ce. Tun da aka ɗaga titi aka sa kwalbati ruwa ya canja hanya. Masu manhajar sun sake awo sun gyara lissafi, taka ba ta ji labari ba."

Na ce, "Sabuwa fa na saye ta!"

Har yau ban gama gane yadda abu ke tsufa a cikin sabuwar waya ba. Abin da na gane shi ne, rafi ba ya zama yadda aka auna shi, mai auna shi ma dole a riƙa sabunta shi. Dami goma sha ɗaya na gero ruwa ya tafi da su, da fartanya biyu.